Ranar da Na Rungume Injin Kawu

A bakin ruwanmu ba a cewa an ɗora wa jirgi inji, sai dai a ce an saita shi. Daga Turanci kalmar ta shigo mana, amma ta zauna daram. In mutum ya ce ya saita, to ya ƙulle notin da ke cije inji a gindin jirgi, ya daidaita kwanciyar farfela da nauyin kaya, ya kuma ɗaura igiyar da za ta riƙe injin ko da ya suɓuce. Rataya shi kawai ba saiti ba ne.

Ni mutum ne mai gaggawa, har yau ina fama da wannan hali. Lokacin ina aiki a jirgin Kawu, ƙanen Inna, muna kai mutane Yelwa ranar kasuwa. Rannan mun yi lodin albasa, ga Inna a tsakiyar mata, za ta asibiti a duba mata ido. Na ga wani jirgi yana kwashe mana fasinja, sai na murɗa noti da yatsu, na bar igiya a yashe. Kawu ya tambaye ni ko na saita, na ce e.

Muna kaiwa wurin da kututturan itatuwa ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, iska ta taso. Na ga kan injin yana rawa. Kawu ma, da yake shi ke tuƙi, ya ji a hannunsa. Ya dubi notin, ya dubi igiyar, sannan ya dube ni. In ya kashe inji, igiyar ruwa za ta juya mu ta buga da kututture. In ya bar shi haka, zai tsinke ya nitse.

A hankali ya ce, “Rungume shi, ɗan Inna. Kada mata su gane.”

Na durƙusa na rungume shi, ƙirjina a kan murfi, gwiwata tokare da katako. Zafi ya ratsa rigata, karkarwarsa ta shiga har haƙorana. Na so in kai hannu ga noti, amma ko ɗaya na saki, sai injin ya karkace. Wata mai albasa ta tambaya ko ni da inji mun daɗe ba mu gamu ba ne, aka yi dariya. Inna ba ta gani sosai, sai ta kira ni ta ce in zo in zauna kusa da ita, iska ta yi yawa. Na ce ina zuwa.

Da muka taɓa gaci hannuwana sun ƙi buɗuwa, sai da Kawu ya ɓamɓare su. Bai zage ni ba. Ya riƙo hannun Inna ya sauke ta, ya dawo ya cire injin ya ajiye a kan yashi.

“To, saita shi,” ya ce. Ya zauna a kan buhu yana kallona.