Faɗa-wutar da ke yawo da rana

Bayan ruwan Bakolori ya shanye ƙauyen su Inna, ta dawo gidana a Talata Mafara da tabarmarta da labaranta. Ɗaya daga cikin labaran shi ne wai a bakin gulbinsu akwai faɗa-wuta mai yawo da rana tsaka, fara, da ɗigon ja da baƙi.

'Ya'yana suka mai da abin wasa. Faɗa-wuta ai sai dare, in ji su, tsohuwa dai ta ga malam-buɗe-littafi. Tun tana rantsuwa har ta daina ba da labarin ƙauyen gaba ɗaya. Shirun nan ya dame ni, don ban san Inna da rufe baki ba.

A lokacin koli nake yi, ina bin kasuwanni a keke, sai na shiga dubawa. A gonakin rani na Mafara ban gan ta ba, ko don feshin magani ne, oho. A Bakura fadamar ta bushe tun da aka tare ruwa. Can dai na kamo wani fari a hula na kawo mata.

"Wanga malam ne," ta ce. "Ba ka ga ya ɗaga fiffike sama ba? Tawa in ta sauka lulluɓe jikinta takai, kamar mai jin kunya. Ka bi inda kalkashin korama ka tsirowa."

Wannan ciyawa na yi ta bi, ƙato da ni, ina leƙen ganye mutane na kallona. Sai wajen Janbako, a ƙasar Maradun, gefen wani rafi mai sauran danshi, na taka ciyawar, abu ya tashi fari fat, ya sauka nan kusa ya naɗe fikafikansa. Ga ja, ga baƙi.

A gwangwanin madara na kawo ta, da ganye a ciki. Inna ta daɗe tana kallo, ni kuma tausayinta ya kama ni. Sannan ta sa aka kira yaran, suka leƙa ɗaya bayan ɗaya.

"Kun gani?" ta ce. "To, sauran abin da nib ba ku labari ma duk akwai su. Ruwa ne kawai bisansu."