Wuƙar Kanti da Buzun Surukina

Abubuwa da yawa sun faru da ni waɗanda yanzu ko an tuna mini sai na yi dogon nazari, amma ranar da na ce ni zan feɗe ragon layyar surukina a Tsafe, wallahi wannan kam har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun ja, gemuna ya fara furfura, amma har gobe in na ga wuƙa mai ƙyalli a kanti sai in ji gumi ya karyo mini.

A lokacin ina sabon ango, ina aiki a sakatariya a Gusau. Gidanmu gidan ma'aikata ne, tun daga kan kakana alƙalami muka sani. In Babbar Sallah ta zo mahauci ake kira, mu namu jiran soyayyen nama. Amma ni sai Allah ya jarabce ni da son wuƙa. Kada ku ɗauka son aiki da ita nake nufi, a'a, son kallonta. Ina zaune a ofis in yi ta kallon bidiyon masu yanka nama a waya, har na fara ganin kaina a cikin masana. Rannan na shiga wani kanti a Gusau na ga wuƙaƙe shida jere a cikin kwali, an shimfiɗa musu jan ƙyalle, ƙotarsu ta baƙar roba, kowace an buga mata hoton damisa. Mai kantin ya zaro ɗaya ya tsarge takarda da ita a gabana, ya ce, "Alhaji, wannan ba a wasa ta har abada." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma wannan Alhajin ya shige ni. Kwali biyu na ɗauka, ɗaya nawa, ɗaya na surukina.

Shi kuwa surukina, wanda nake kira Baba, mahauci ne na gado, shekaru ne suka sa ya bar kasuwa. Wuƙarsa guda ce tak, baƙa ƙirin, tsakiyarta ta lotsa saboda yawan wasawa, ƙotarta ta icce an ɗaure da fata. Wanda ya ƙera ta amininsa ne kuma maƙwabcinsa, wani tsohon maƙeri mutumin Bungudu da ya daɗe da zama a Tsafe, mai baki kamar reza. Da sifirin tsohuwar mota ya yi ta. Su biyun nan za su wuni a gindin darbejiyar ƙofar gida suna gardama a kan ƙarfe, wanne ne ke riƙe kaifi, wanne ne ke karyewa, ba su gajiya.

A gindin darbejiyar nan na durƙusa na miƙa wa Baba kwalinsa. Ya karɓa da hannu biyu, ya sa mini albarka, ya zaro babbar ya ɗan ƙwanƙwasa ta da farce ya kai kunne, sannan ya miƙa wa Maƙeri ba tare da ya ce uffan ba. Maƙeri ya goga ta a gashin hannunsa, ko sili ɗaya bai faɗi ba. Ya juya ta, ya kalli fuskarsa a jikinta, ya gyara hula.

"Tubarkalla, akwai kyau," in ji shi. "Malam, wa ya ƙera wagga?"

Na ce, "Ai kamfani ne, daga waje aka kawo ta."

"To in ta yi maka rashin kirki, ƙohwar gidan wa za ka tahi ka yi hwaɗa?"

Na yi dariyar yaƙe. A raina na ce hassada ce kawai, tsoho ya ga abin da zai kashe masa kasuwa. Da muka hau hanyar Gusau na gaya wa matata haka, sai ta dube ni ta ce, "Ni dai in da za ka ji tawa, wuƙar nan ka bar ta a yankan albasa." Ban ji tata ba.

A shekarar nan Baba yana da wani farin rago da ya sayo tun yana ƙarami a Bilbis, ya yi kiwonsa da hannunsa. Fari fat, ba ɗigon baƙi, ga gashi mai laushi. Kowa a gidan ya san ba don naman kaɗai yake tattalinsa ba. Buzun da yake salla a kai, wato fatar ragon da aka jeme, ya tsufa har gashin ya ƙare, shi ne ya ƙudurta fatar wannan ragon ce za ta zama sabon buzunsa. Ko ƙaya ba ya bari ta taɓa dabbar nan. Ni ma na san da haka, kada wani ya ce ban sani ba.

Ranar Sallah da muka sauko daga Idi, Baba ya zagaya bayan ɗaki ya wasa wuƙarsa don kada ragon ya gani, ya dawo ya yi bisimilla, ja ɗaya ya gama. Da ya zo miƙewa sai na ga ya dafe ƙugu, ciwon bayansa ya motsa. Ya ce a je a kira masa wani mahauci da ya koya wa aiki. Nan fa shaiɗan ya raɗa mini cewa ga ranar da zan nuna wa gidan nan ba raggon miji 'yarsu ta aura ba. Na yi wuf na ce, "Baba, ku huta, ni zan feɗe."

Matata da ke bakin madafa ta zaro ido tana girgiza mini kai, na kau da fuska. Kun san kunyar da ke tsakanin suruki da suruki, Baba ba zai iya ce mini a'a a gaban mutane ba. Ya daɗe yana kallon ragon, sannan ya ce, "To, Malam. Sai dai a lura da hwatar." Ya miƙo mini baƙar wuƙarsa. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na ce, "A'a Baba, na zo da tawa." Na je mota na ɗauko mai damisa. Kafin in dawo Maƙeri ya shigo da kujerarsa ya zauna, ya ce yau ba inda za shi.

Yadda ake yi a wajenmu, ana ɗan tsaga fatar ƙafar baya, a sa baki a hura iska har ragon ya kumbura, fata ta saki nama, sannan fiɗa ta yi sauƙi. Wuƙar da ta tsarge takarda a kanti, da ta haɗu da fatar rago sai ta ce ba ta san zancen ba. Na yi ta gurzawa kamar mai yankan katako, da ƙyar na sami 'yar kafa. Na tuɓe babbar riga, na durƙusa, na kafa baki na fara hurawa. Na hura, na hura, har idona ya fara ganin taurari da rana tsaka.

"Ragon dai yana nan yadda yake," in ji Maƙeri, "amma Malam ya kumbura."

Na ji dariyar mata daga madafa, har da muryar Inna, surukata, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Haushi ya kama ni, na ce a bar hurawar, kai tsaye zan feɗe. Aka rataye ragon, na kama aiki. Abin da bidiyo bai taɓa gaya mini ba shi ne, wuƙa in ta dakushe sai ka danna da ƙarfi, in ka danna da ƙarfi kuwa ba kai ke da iko da inda za ta tsaya ba. Ina cikin dannawa a wajen wuya sai na ji fut! Tsinin ya ɓullo ta ɗaya gefen, ta cikin farin gashin nan. Na yi sauri na rufe wurin da hannu, na ɗauka ba wanda ya gani.

"An buɗe taga," in ji Maƙeri.

Baba carbinsa kawai yake ja, amma na lura jan ya ƙara sauri. Kitse ya taɓa ƙotar robar nan ta koma santsi kamar sabulu, in na riƙe nan ta zame can. Na sake ɓula fatar a haƙarƙari, na sake a ciki. Na ruga wajen dutsen wasa wuƙar Baba na goga ta, ita da aka ce ba a wasa ta har abada, ashe gaskiya mai kantin ya faɗa, don ko an wasa ba ta jin wasawar, bakin sai dai ya lanƙwashe. Na dawo na ci gaba a fusace. Ina kai wa cinya sai na ji hannuna ya yi sakayau. Na duba, ƙotar roba ce kaɗai a hannuna, ƙarfen yana can maƙale a jikin rago. Ashe abin da ya shiga cikin ƙotar bai kai gaɓar yatsa ba, da gam aka manne shi.

Maƙeri ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ni kuwa maimakon in saduda, sai na tuna da kwalin da na kawo wa Baba, na ce don Allah a ɗauko mini ɗaya daga ciki. Can sai Inna ta amsa daga bayan ƙyaure, a hankali, cikin jin nauyi.

"Ai Malam, duk suna aiki. Guda muna kankare ƙanzo da ita, guda ta yankan sabulu ce, guda kuma ita ke tare ƙohwar akurkin kaji. Babbar tana bisa taga, da ita nike duba ido in zan sa kwalli."

Jama'a, in da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige ban waiwayo ba. Kunya ta rufe ni, ga jini har gwiwar hannu, ga wandon Sallah ya ɓaci, ga matata ta toshe baki da mayafi kafaɗunta suna rawa.

Sai Baba ya miƙe da ƙyar, ya zo ya tsaya kusa da ni. Na ɗauka zai karɓi aikin ne, amma sai ya sa baƙar wuƙarsa a hannuna, ya ɗora nasa a kai. "Kada ka danna," in ji shi. "Aza ta kawai, ita ta san hanya." Na aza, fata ta buɗe ba tare da na yi wani ƙarfi ba, har abin ya ba ni tsoro. Ya nuna mini cewa wuƙa hanya kawai take buɗewa, sauran aikin dunƙulen hannu ne, a cusa tsakanin fata da nama a yi ta turawa. Da haka muka sauke ragowar fatar, ko ƙwarzane babu.

Da aka shimfiɗa ta a ƙasa, huji biyar na yi mata, na wuyan har hannu yana shiga. Baba ya ɗaga ta sama, ya leƙo ni ta cikin babban hujin, ya ce, "Ba komai, Malam." Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Shekara guda yana tattalin fatar nan, ni kuma na lalata ta kafin azahar saboda son a yaba mini.

Da ana cin soyayyiyar hanta Maƙeri ya jawo ni gefe, wannan karon ba dariya. Ya ce, "Malam, ba ƙin wagga wuƙa muke don ta waje ce ba, akwai na waje masu kyau, na taɓa riƙe su. Wanda ya yi wagga, mai saye ya yi wa ita, ba mai yanka ba. Ƙarhen laushi gare shi don kada shi yi tsatsa a kanti, shi ya sa ba ta ɗaukar kaifi. Tawa in ka bar ta cikin ruwa kwana guda ta yi ja, amma shekara nawa tana hannun surukinka? Kuma in ta karye ya san gidana." Na ci gaba da tauna hanta.

Na so in sayo wa Baba wata fatar, ya hana. Ya kai tasa aka jeme, ya sa baduku ya yi wa hujin nan biyar faci da jar fata, a kanta ya ci gaba da salla har ƙarshen rayuwarsa. In baƙo ya tambaye shi wannan wane irin ado ne, sai ya ce, "Aikin surukina ne, ranar da ya koyi fiɗa." Bai taɓa faɗar haka da izgili ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, Inna ta kira ni ta miƙo mini buzun da baƙar wuƙar a naɗe cikin tsumma, ta ce shi ya ce a ba ni. Yanzu ni nake feɗe ragona duk shekara, maƙwabta har kirana suke yi. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, kafin ka yaba kayan aiki, ka tambayi wanda ya tsufa yana aiki da irinsa, in kuma ya yi shiru ya miƙa wa na kusa da shi, to ya riga ya ba ka amsa. Ni kam ba ni da damar mantawa, don babban facin nan na wuya, daidai nan goshina yake sauka sau biyar a rana.