Takardun Yaya Sai a Hawa na Uku

A kamfanin rarraba kayan da take aiki babu mai kiran ta da sunan yanka. Ma'aikata Injiniya suke ce mata, mijinta ya ce Maman Yara, shi kuwa yayanta har gobe Auta yake kiran ta, duk da ta ba arba'in baya, furfura ma ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali.

Ofishinta wani ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakala, mai sanyi kamar cikin firji, don a nan aka ajiye sabar. Sabar nan babbar kwamfuta ce da ke riƙe da ragamar duk firintocin ginin, tun daga ƙasa har hawa na uku. In mutum ya danna a buga masa takarda, ba kai tsaye take zuwa firinta ba. Sai ta biya ta wajen sabar, ta hau layi, sabar ta duba waye mai ita da kuma firintar da aka ba shi izini, sannan ta tura. Mai kafa wa sabar wannan doka kuwa ita ce Injiniya. Ita ke ba kowace firinta suna da adireshi, ita ke raba ma'aikata rukuni-rukuni, 'yan lissafi ga taku, 'yan sito ga taku.

Aiki ne da ba ya jawo yabo. Ranar da komai ke tafiya daidai babu mai tunawa da ita. Ranar da takarda ɗaya ta maƙale a gaban layi ta tare na baya, wayarta kamar ta fashe.

"Injiniya, firintarmu ta mutu."

Ita kuwa tambayarta ɗaya ce, a sanyaye: "An kunna ta?"

Wallahi sau da yawa shiru ke biyo baya, sai ɗan ƙas na maɓalli, sai a ce, "Af, ta tashi. Sannu da ƙoƙari."

Tana da haƙuri da mutane, amma akwai abu ɗaya da ke tayar mata da jijiyar wuya: ta ga ƙato ya ɗaga hannu yana dukan firinta. Nan take za ta tsaya, ta kama ƙugu, ta ce, "Malam, ba jaki ba ce. Me ta yi maka?" A jakarta kullum akwai ɗan buroshi da hantsaki na zaro guntun takarda, cakuɗe da alewar yara da makullan gida.

Wannan son taɓe-taɓen tun tana ƙarama yake. Mahaifinsu tela ne, yana da wata rediyo da ke rataye kusa da keken ɗinkinsa. Wata rana Auta ta kwance ta kaf don ta ga masu maganar da ke ciki. Da Baba ya dawo ya ga rediyonsa a baje kan tabarma, Yaya ne ya miƙe ya ce shi ya yi, ya kuma sha faɗan da ba nasa ba. Baban nasu mutum ne da ya ƙare rayuwarsa a zaune, daga kujerar ɗinki sai tabarma. Ciwon suga ya kama shi, ƙafafu suka daina ɗaukar sa, har ya zama Yaya ne ke goya shi a baya zuwa bakin titi in za a je asibiti. Bayan rasuwarsa Yaya ya zame mata uba. Da dangi suka ce ina mace ina kwance na'ura, shi ya kama hannunta ya kai ta makarantar kwamfuta, ya ce duk mai magana ya zo ya same shi.

To, wannan Yayan shi ne Babban Akawu na kamfanin. Ofishinsa na ƙasa, kujerarsa mai juyawa ce, firintarsa kuma na nan daidai gwiwar hannunsa, ko miƙewa ba ya yi yake zaro takarda. Tumbi ya yi gaba abinsa. Mutum ne mai kirki, amma taurin kai kam, sai dai a yi shiru. Kuma yana da wata ɗabi'a da kowa ya sani: takardunsa na albashi da lissafi babu mai taɓa su sai shi. Ko masinja ba ya aike da su.

Ran nan matar Yaya ta bugo wa Injiniya waya, murya a dagule.

"Auta, yayanki zai kashe ni da ɓacin rai. Likita ya ce suga ya fara taɓa shi, ga hawan jini. Ya ce lallai ya riƙa tafiya a ƙasa. Na sayo masa takalmin kambas, yana nan cikin kwalinsa ko igiyar ba a zura ba. Wai shi ba yaro ba ne da zai riƙa zagaye unguwa mutane na kallo."

"Anti, ni ya zan yi da shi? Mutumin da ko ruwa sai an miƙo masa?"

"Ke da kike juya ginin nan da yatsa ɗaya? Ki san yadda za ki yi. Ni dai ba na so na ga abin da kuka gani a kan Baba."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta zauna mata a ƙirji. Ta ajiye waya, ta zuba wa allon sabar ido. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, don hoton Baba a bayan Yaya ya dawo mata sabo fil. Tun da ta fara aiki ba ta taɓa yi wa sabar wasa ba, sunanta kuma shi ne jarinta. Amma ginin nan ba shi da lif, matakala ce zalla, kuma can hawa na uku, a ƙarshen baranda kusa da ɗakin tsofaffin fayil, akwai wata firinta mai lafiya da ba kowa ke zuwa wurinta ba.

Ta yi bisimilla. Ta cire sunan Yaya daga rukunin 'yan lissafi, ta buɗe sabon rukuni mai mutum ɗaya tal, ta ba shi firintar hawa na uku. Ta gwiwar hannunsa kuwa ta janye masa izininta gaba ɗaya, don kada ya lalubo ta da kansa.

Washegari da hantsi waya ta yi ƙara.

"Auta, na danna, shiru."

"Ta fita, Yaya. Tana hawa na uku."

"Me ya kai ta can?"

"Sabar ce ta tura ta."

Ba ƙarya ta yi ba, ta gaya wa zuciyarta, ai sabar ce ta tura. Wanda ya sa sabar ne dai ba a tambaya ba.

"To, ki dawo min da ita."

"Ina dubawa, Yaya."

Da yake ɗakinta a ƙarƙashin matakala yake, duk mai hawa a kanta yake takawa. Jim kaɗan ta ji shi: dim, dim, sai tsayawa, sai haki, sai tsaki mai tsawo. Ta toshe baki da gyale don kada dariya ta kuɓuce mata, ga kuma tausayi na cin ta. Kafin a tashi aiki ya hau ya fi a ƙirga, don Babban Akawu ba ya wuni bai buga takarda ba, kuma ya gwammace ƙafa ta karye da wani ya ga albashin wani.

Haka aka yi ta yi. Kullum da safe ya leƙo ya ce, "Auta, har yanzu?" ta ce, "Ina kai, Yaya." Shi kuma ya kama ƙarfen matakala yana faɗa da murya sama yadda kowa zai ji: "Allah wadaran sabar nan. Mutum da girmansa an mayar da shi ɗan aike." 'Yan sito su yi masa sannu, ya ce su riƙe sannunsu.

Amma kunnen Injiniya na jin abin da sauran ba sa ji. A hankali tsayawar nan ta tsakiyar matakala ta ragu. Hakin ya yi sauƙi. Takun da ke faɗowa kamar ana sauke buhu ya koma na mutum mai tafiya. Wata rana Anti ta bugo tana dariya har da shiɗewa, ta ce wando ya fara zamewa, an kai bel an ƙara masa huda. Likita kuma ya duba jini ya ce duk abin da yake yi ya ci gaba, kada ya fasa.

"Me ya ce wa likitan?"

"Cewa ya yi shi babu abin da yake yi, wahala ce kawai ta ofis."

Daɗin abin bai zo shi kaɗai ba. A ɗakin shan shayi aka fara zolayar ta. "Injiniya guda, firintar gini duk ta iya, ta yayanta ta gagare ta." Wani ya ce ai wanzami ba ya son jarfa. Ta yi murmushi kawai, amma abin na sukar ta, don mace ce da ba ta barin ƙorafi ya kwana a teburinta.

Sai ga Manaja. Mutum ne mai son a ga yana kula da ma'aikata. Ya ci karo da Yaya a matakala rungume da takardu yana zagin sabar, nan take ya sa aka kira ta.

"Injiniya, dattijo kamar wannan yana hawa da sauka wata da watanni? Ba na jin daɗi. In abin ya fi ƙarfinki ba laifi ba ne. Zuwa ƙarshen mako in bai gyaru ba, zan ɗauko masana daga waje su buɗe sabar su duba."

Ta ce, "To, ranka ya daɗe," ta koma ofishinta. Duk wanda ya buɗe sabar, kallo ɗaya zai yi ya ga rukuni mai mutum ɗaya, ya san hannu ne ya yi, ba kuskure ba. In ta faɗa wa Manaja gaskiya kuwa, ta tona ciwon Yaya ke nan a ofis, abin da ya tsana fiye da komai. Ta zauna ta mayar da sunansa cikin 'yan lissafi, ta dawo masa da izinin firintar gwiwar hannu. Aikin bai ɗauke ta komai ba, amma ta daɗe ba ta yi gyaran da ya ɓata mata rai kamar wannan ba.

Ranar Litinin ta ga takardarsa ta farko ta hau layi a allo, ta wuce, ta fita a ƙasa. Ta kasa kunne. Masu shara sun hau, 'yan sito sun sauko, takun da take jira babu shi. Ta ji hawaye na neman zuwa, ta hau goge allon da ba shi da datti.

Aka turo ƙofa ba sallama. Yaya ne, takarda a hannu, fuska a murtuke. Ya mayar da ƙofa ya rufe.

"Wa ya ce ki gyara?"

Ta ce, "Yaya, ai kai ne kullum kake..."

"Ina faɗa, e. Faɗana ya hana ni hawa?" Ya jawo kujera ya zauna. "Auta, ni fa na goya ki. Na'ura ba ta tsanar mutum ɗaya. Tun makon farko da na ga kowa tasa na fita a ƙasa, tawa kaɗai ke hawa sama, na san akwai hannun 'yar gida, da bakin matar gida."

"To me ya sa ba ka yi magana ba?"

"In ce me? In ce Babban Akawu na motsa jiki don matarsa ta ce? Amma in sabar ce ta lalace, ai kowa ya ga dole ce ta sa ni." Ya juya takardar a hannunsa. Da ya sake magana muryar ta sauka. "Na san nauyin Baba a bayana. Har yau ina jin sa. Ba na so 'ya'yana su san nawa."

Wannan karon ba ta ɓoye hawayen ba. Shi kuma ya kau da kai yana kallon fitilun sabar, sai ka ce ya san abin da suke nufi.

"Manaja fa?" ta ce, tana share ido.

"Daga wurinsa nake. Na ce masa na yi tunani, takardun albashi bai kamata su riƙa fita a ofishin da kowa ke shiga ba, gara can sama inda babu idon jama'a. Har yaba min ya yi, wai ina da hangen nesa." Ya miƙe, ya ja wandonsa sama. "Mayar min da ita yanzu. Kuma in kika gaya wa Antinki na sani, ni da ke ne."

Kafin ya kai ofishinsa ta gama. Ba a jima ba takarda ta hau layi, ta wuce hawa na uku. Sai ga takun a kanta, ɗaya bayan ɗaya, babu tsayawa, da muryarsa tana cika baranda don 'yan sito su ji: "Allah wadaran sabar nan. Mutum da girmansa."

Injiniya ta jingina da kujera tana dariya ita kaɗai, tana sauraron sa har ya kai sama.