Gayyar Masu Furfura a Kahu

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin malamin gona, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce ranar gayyar Malam Sule a Kahu. Ku da kuka shigo aikin kwanan nan ku saurara, don irinta tana nan tana jiranku.

Lokacin ina ƙaramin malamin gona a Kibiya, ƙarƙashin mai kula da shiyyarmu, Alhaji Bala. Babban aikinmu shi ne gonar gwaji: a ba manomi ɗaya sabon iri ya shuka, maƙwabta su zuba ido, in ya yi kyau su karɓa baɗi. Mutanen Kahu duk suka noƙe, sai Malam Sule, dattijo mai kafiya, ya ba da gonarsa ta bakin hanya, wadda da ita gidansa ke ci. Muka shuka sabon irin dawa, ta fito gwanin sha'awa. Sai ruwa ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa, lokacin maimai, wato noma na biyu, yana neman wucewa, ciyawa ta taso za ta shaƙe dawar. In ta shaƙe ta, abincin gidansa na shekara ya tafi, kuma ni ne na jawo masa.

Na ce, "Baba, a nemo 'yan ƙwadago mana."

Ya harare ni. "Ƙwadago a gonata? Gayya zan yi, yadda ubana ya yi."

Yadda ake gayya, mai gona ya aika wa sarkin samari goro, shi kuma ya tara matasan gari da makaɗi, a nome gonar a wuni guda, ladansu abinci da godiya. Malam Sule ya aika goro. Matan gida suka tuƙa tuwo, aka sayo nono a ruga aka dama fura. Da hantsi ni da Alhaji Bala muka iso, muka tarar makaɗi yana ta dukan ganga, amma babu kowa a gonar sai sarkin samari, wanda shi kansa furfura ta fara cin gemunsa, don ya rasa wanda zai miƙa wa sarautar.

Ya durƙusa ya ce, "Baba, wallahi gida-gida na bi. Wanda ba ya tuƙa adaidaita sahu a Kano yana wajen gini, wanda ba ya gini yana tsaron shago. Sai dai da sallah."

Malam Sule ya dubi tuwon, ya dubi gonar. Tausayinsa ya kama ni har na kasa haɗa ido da shi.

Alhaji Bala, wanda ya daɗe a birni, ya ce, "Malam, kada ka ga laifinsu. Sanda na fara zama a Kano, unguwarmu samarin ƙauye ne zalla, ba ka jin kukan jariri. Suka yi aure, lungu ya cika da yara har babur ba ya samun hanya. Yau su ne tsofaffin unguwar, wasu ma sun bar wa 'ya'yansu ɗakunan sun koma garuruwansu. Naku ba su dawo ba?"

Malam Sule ya ce, "Sun dawo mana. Suna can ƙofar masallaci suna jin rediyo." Ya karɓi ragowar goron daga hannun sarkin samari, ya nufi cikin gari, na bi shi a baya.

Muka same su kan tabarma: tsohon masinja, tsohon ma'aikacin masaƙa, masu gadi da suka ajiye sanda, duk sa'o'insa da suka tafi Kano suna samari. Ya ajiye goro a gabansu ya ce gayya yake kira.

Alhaji Iro, tsohon direban tirela, ya ƙyalƙyale da dariya. "Haba Sule! Mu da muke shan maganin hawan jini?"

Malam Sule ya ce, "Ba kai ne kake gama kunyoyinka ka juyo ka taya na kusa da kai ba? Ashe biredin Kano ya cinye ka."

"Ni biredi ya cinye? A miƙo min fartanya!"

Haka suka taso, wani da sanda, wani yana dafe da ƙugu. Ashe makaɗin bai manta kirarinsu na ƙuruciya ba. Yana kiran sunan mutum, sai ka ga tsoho ya gyara hula ya duƙa. Su yi noma kaɗan, su miƙe suna nishi, suna yi wa juna tsiya. Ni ma na tuɓe riga na shiga, Alhaji Bala kuwa ya zama mai rabon fura. Ba su gama a ranar ba, ina za su iya? Washegari suka dawo da kansu ba tare da an aika goro ba, har sai da gonar ta fita tas.

Dawar ta farfaɗo, ta yi kai masha Allah. Da kaka Malam Sule ya aika wa kowannensu dami. Da bazara ta zagayo, su ne suka fara zuwa neman irin, don gonakin gado da suka daɗe da ba wa wasu aro. Ban taɓa jin daɗin rabon iri kamar na shekarar ba.

Tun daga nan, kafin in miƙa wa manomi iri, sai na tambayi wa zai riƙe masa fartanya, kuma na daina wuce majalisar dattawa a kan babur ina ɗaga hannu kawai. Ran da muke ɗaure damman, na ce wa Malam Sule birni ya cuce mu. Ya girgiza kai ya ce, "A'a, ɗana. Aro ya yi. Mun ba shi samari, ya dawo mana da tsofaffi, kuma ga shi sun ci da ni."