Garwashin da na ɗebo wa Iya daga Ƙofar Doka

Ranar Talatar da ta wuce ina kwance a hostel ina danne-dannen waya saƙo ya shigo, wai duniyar da na ƙirƙira ta tsallake zagayen farko. Gasa ce ta ɗalibai masu haɗa gem, wato wasan kwamfuta. Kowa zai zana yadda duniya za ta koma bayan komai ya lalace, da taswirarta, da dokokinta, da yadda mutane za su ci su sha. Na diro daga gadon sama ko takalmi babu, na zagaya bulok ɗinmu sau biyu, har abokin ɗakina ya ɗauka aljanu ne. Na cika sitatus, na tura gurup ɗin gida, na tura wa har waɗanda muka yi wata shida ba ma magana. Harka ta haɗu kawai.

Tawa duniyar Zariya ce, can gaba. Ruwan sama ya koma baƙi, in ya taɓa ganye sai ya ƙone. Ba lantarki, ba fetur, ba sabis, ashana ta zama tarihi. Abin da ya rage ganuwa ce da 'yan unguwannin cikinta, sai garwashi da ake yawo da shi gida-gida. Alƙalan gasar suka ce wannan na garwashin shi ya tafi da su. Kowa ya kawo bindigogi da mutum-mutumi, ni na kawo tsohuwa da fasasshiyar tukunya. Amma suka ce a zagaye na biyu, nan da sati biyu, dole in faɗi abin da ke bayan ganuwa, don taswirata a Ƙofar Doka ta tsaya cak.

A nan murnar ta fara sacewa. Maganar gaskiya duniyar nan ba tawa ba ce. Ta Iya ce, kakata ta wajen uba, kuma ita ma a Ƙofar Doka take tsayawa.

Gidanmu na Limancin Kona, cikin wani lungu da in mai kura ya shigo sai kowa ya manne da bango. Abin da na fi tunawa shi ne damina. An yi magariba, an sauke tuwo, an ɗauke wuta kamar kullum, indararo na ta zuba a tsakar gida. Sai mu tattaru a madafa, ni da ƙanwata Ummi da 'ya'yan baffanninmu, Iya ta baje garwashi ta jera masara a kai. Wutar murhunta ba ta mutuwa. Kullum in an gama sai ta rufe ta da toka, da asuba ta tone ta sa kara ta hura. Tana cewa tun wadda aka kunna ranar da aka kawo ta gidan ce. Ba mu yarda ba, amma matan lungun sun yarda, don duk wadda tata ta mutu gidanmu take zuwa da tsingaro, wato ɓarin tukunya, Iya ta zuba mata toka a ƙasa, ta ɗora garwashi, ta ƙara toka a sama.

Tana da tatsuniyoyi irin na kowace kaka, amma akwai ɗaya da ba ta yi sai an yi ruwa mai ƙarfi. Ita wannan ba ta buɗe ta yadda aka saba. Sai ta ce, "Ga wata nan, amma ba ta riga ta zo ba, tana hanya."

Mu kuma mu ce, "Ta tsaya can nesa mu ji ta."

Ni take fara tsokana, don ni ne mijin nata na wasa. "Maigida, gyara zama. Kai da ko cefane ba ka iya ba, sai cin masara."

Wai wata rana za ta zo da sama za ta yi ja kamar gindin tukunyar jan ƙarfe. Duk wani abu mai ƙara zai yi shiru, mota da rediyo da injin niƙa. Ruwa zai sauko baƙi, rijiyoyi su yi ɗaci. Mutane za su yi ta fita ta ƙofofin gari, suna cewa za su dawo, ba mai dawowa. Waɗanda suka zauna ba su da abin kunna wuta, sai wadda suka gada a murhu. Saboda haka doka ɗaya ce a garin: wanda ya zo ɗiban wuta ba a mai da shi hannu wofi, ko jiya ya zage ka.

To akwai wata tsohuwa a Kona, ita kaɗai ta rage a gidansu. Rannan zazzaɓi ya kwantar da ita, ta kasa tashi ta rufe wutarta, da safe ta tarar da toka mai sanyi. Ta ɗauki tsingaro ta fita. Ta yi sallama a zauren maƙwabta, shiru. Ta shiga, ta tura hannu cikin murhunsu, sanyi ƙalau. Gida na gaba haka, na gabansa haka. Iya tana lissafa gidajen da sunan masu su na gaske, gidan su wane, gidan Malam wane, har Ummi ta fara kuka in an zo gidan ƙawarta. Tsohuwa ta yi ta tafiya tana sallama tana amsa wa kanta, har ta isa Ƙofar Doka ƙafafunta sun kumbura. Tana ɗaga kai sai ta hango hayaƙi, siriri, a bayan ganuwa.

Daga nan Iya sai ta jawo mara ta fara tura toka kan garwashi.

"Iya, sai me?"

"Sai wuta ta kwanta, labari ya kwanta."

"Don Allah ta samu wutar?"

"In ka girma ka zo ka tambaye ni, Maigida. Yanzu ko wandonka ba ka iya ɗaurewa ba."

Haka muka yi shekaru. Muka yi roƙo, muka yi fushi, Ummi har yajin cin masara ta yi na minti goma. Sai aka kai ni makarantar kwana, aka sayo risho, daga baya gas, na manta da tsohuwar Kona, sai da na zauna gaban laftof ina neman abin da zan zana ta faɗo min da kanta.

To yanzu ai na girma. Ranar Juma'a na tattara na nufi cikin gari, waya cike da caji don in naɗi muryarta. Na san ba ta da lafiya tun bara, an ce mantuwa ta kama ta, amma a waya komai sauƙi yake. Goggo Binta, ƙanwar babanmu da ke jinyarta, ta tare ni a tsakar gida. "Kar ka sa rai da yawa," in ji ta. "Jiya ni ma sai da ta tambaye ni 'yar gidan wa ce."

Na shiga na durƙusa na gaishe ta. Ta ƙura min ido, ta dubi hannuna.

"Ɗan nan, ɗiban wuta aka aiko ka?"

"Iya ni ne, Mubarak. Maigidanki."

Ba ta ji ba. Ta fara laluben gefen gado tana neman sauka. "Binta, ɗebo masa. Sa masa toka." Goggo ta ce ai gas muke da shi, Iya, babu garwashi a gidan nan. An ma rushe murhun tun da aka yi simintin madafa. Ban taɓa ganin fuska ta rushe haka ba. Ta kama kuka, ba ƙara, tana ta cewa ta bar wutar ta mutu, me za ta ce wa mutane, ga yaro ya zo za a mai da shi hannu wofi. Muka lallashe ta, muka kunna mata gas ta gani ta taga, ta ce wannan ba wuta ba ce, ba ta da toka.

Ni da nake tsara yadda duniya guda za ta rayu bayan ta ƙone, na tsaya kamar gunki. Can na ce bari in samo mata. Na ɗauki wani tsohon gwangwanin madara na fita, ana gab da magariba.

Gidan da ke jikin namu kwaɗo ne a ƙofa, sun koma Kaduna. Na gaba soron ya zube, ciyawa ta fito a zaure. Na uku wata amarya ta leƙo ta ce su gas suke yi, ta bi ni da kallo kamar na zare. Na huɗu suna da gawayi amma ba su hura ba. Wallahi sai da na kai gida na shida sannan na lura ina sallama ina amsa wa kaina. Na tare ɗan acaɓa na ce mu je duk inda muka ga hayaƙi.

Sai wajen Ƙofar Doka muka samu wata mai ƙosai tana suya da itace. Na yi mata bayani a birkice. Ba ta ma bari na gama ba, ta sa matsami ta zaro min garwashi guda biyu jajaye. Na miƙa mata kuɗi ta harare ni. "Wuta ce fa, ɗana. Yi sauri."

Na yi saurin. Na ce wa ɗan acaɓa ya taka, na riƙe gwangwanin da gefen rigata yana ƙona ni, iska na ta hura garwashin yana ƙara ja, ni kuma ina jin daɗi, a zatona alamar rai ce. Kafin mu shigo lungunmu iskar ta cinye su. Abin da na shiga da shi ɗakin Iya ɗan baƙin gawayi ne kamar ƙwayar gyaɗa, da ɗumin gwangwani.

Ta karɓa ta leƙa ciki. Ta sa yatsa ta juya shi. Sai ta ɗago ta dube ni, irin kallon nan na da.

"Ba ka sa toka ba, Maigida. Sau nawa ka ga ina yi?"

Na ce, "Iya, tsohuwar nan ta Kona, da ta hango hayaƙi a Ƙofar Doka, ta samu wutar?"

Ta yi murmushi kamar za ta faɗa. Ta buɗe baki. Sai idon ya koma wani wajen, ta juya ta tambayi Goggo ko baƙon nan ya ci abinci. Wayata tana aljihu, ko danna ta ban yi ba.

Da ina yaro na ɗauka rowa take mana da ƙarshen labarin. Yanzu ina zargin ita ma ba ta san shi ba, ta dai san lungunmu, ta ga yadda ake fita ɗaya bayan ɗaya, ta faɗa mana iya abin da ta hango. Kuma ina ganin ba labarin take so mu riƙe ba, hannunta take so mu kalla lokacin da take tura tokar. Shekara nawa ina zaune gabanta, na kwashe jan sama da baƙin ruwa na kai gasa, na bar abu ɗaya da zai kawo mata wuta gida da rai.

Saura kwana tara in miƙa zagaye na biyu. Na ƙara doka guda a duniyar: garwashin da ba a rufe da toka ba ba ya kai gida, komai gudun mai ɗauke da shi. Bayan ganuwa kuwa fayil ɗin fari fat yake. Nakan rubuta layi biyu shaf-shaf in goge. Goggo ta turo min saƙo ɗazu, wai Iya ta hana a yar da gwangwanin, yana ƙarƙashin gadonta, kuma kullum da asuba sai ta jawo shi ta hura.