Ranar Da Kakana Ya Yi Shiru

Bana shekara arba'in ke nan da aka kai kakana, Alhaji Ɗanjuma mai masauki, makwancinsa a nan Ibadan. Ni jikarsa ta fari, yau ni ma da jikoki, har gwiwa ta fara ƙin hawa okada. Na gaji da maganar tsaro, wallahi na gaji. Amma duk sanda na kunna rediyo na ji ana ta ja-in-ja, wannan ya ce a bar 'yan sanda a hannun tarayya, wancan ya ce kowace jiha ta kafa nata, kowa kuma na tambayar wa zai biya, sai tsohon ya faɗo mini a rai.

Yana saurayi ya iso Sabo, ba a daɗe da yanka wa Hausawa unguwar ba. Ya sha gaya mini ba don ana son mu aka ba mu filin ba. Sata ce ta yi yawa a cikin gari, aka ce baƙi ne, sai aka tattara mu wuri guda don a san ƙofar da za a buga in an rasa kaya. Wake ɗaya ke ɓata gari. In mutum ɗaya ya yi, unguwa duka ke shan bincike, har a fara maganar tashinmu.

Hukuma biyu ce a lokacin, kowacce da iyakarta. 'Yan dokan sarakunan gari ikonsu bai wuce bakin gari ba. 'Yan sandan Bature na iya bin mutum har Arewa, amma wa zai biya wa ƙarti biyu kuɗin jirgin ƙasa a kan turmin zane ɗaya? Ɓarawo ya san wannan sarai. In ya sha, ya sha. In an kama shi, wata uku ne, ana ba shi abinci, ya fito ya ɗora daga inda ya tsaya.

Sai dattawan Sabo suka fito da tasu dabarar. Duk wanda zai kwana a unguwa sai da mai masaukin da ya tsaya masa. In ya yi laifi, a tara masu masauki a zaure bayan la'asar, a zaunar da shi a tsakiya, a ce, "Na wane ne?" Wanda ya ce "Nawa ne" shi zai mayar da kayan, ya kwashi kunyar. In ba wanda ya tanka, shi ke nan. Fataken goro da masu shanu su ɗauki sunansa, kafin wata ya mutu ya kai Ilori, ya kai Zariya, ya kai Kano. Ba zauren da za a shimfiɗa masa tabarma, ba mai ba shi amanar huhun goro ko guda.

Tanimu ƙanen kakana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, uwarsu ce ta damƙa masa shi da hannunta ranar da za su taho. Yaro mai fara'a, sai dai hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Sau biyu ana zaunar da shi, sau biyu kakana na cewa nasa ne. A karo na uku saƙin wata Bayarabiya ya ɗauke daga rumfarta, manyan gari kuma suka aiko cewa haƙurinsu ya ƙare. Aka yi tambayar. Tanimu ya ɗago kai ya ce, "Yaya." Kakana ya kafa wa tabarma ido. Aka maimaita har sau uku kamar yadda aka saba, bai tanka ba. Washegari Tanimu ya bi hanyar Arewa da ƙafa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Ina da 'ya'ya biyu sa'ad da ya ba ni labarin nan. Da rawar kan sabuwar malamar makaranta na ce, "Angona, ai dabararku ta fi ta gwamnati. Sata ta ragu, ba a kashe ko kwabo ba."

Ya ce, "Ta ragu, amarya. An daɗe ba a buga mana ƙofa ba. Amma wa ya gaya miki ba a biya ba?" Daga nan ya ce in miƙo masa butarsa.

Da zai leƙo yau, zai ga ƙofar ƙarfe a bakin kowane layi da 'yan bangar da muke ciyarwa. Zai ga an fizge waya a unguwar Mokola, an hau mota a tashar Ojoo, kafin magariba ana wata jihar. Ina jin ba zai yi mamaki ba, iyakar nan ce dai aka sake mata suna. Abin da zai gani a fuskokinmu shi ne kowa na so a kama ɓarawo muddin ba nasa ba ne. Ba na cire kaina. Da ɗan ƙanwata ya shiga hannu bara waccan, ni na riga kowa zuwa belinsa, ina cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Kakana kuwa ya yanke, kuma har yau ban san ko ya yi daidai ba. Unguwar ta tsaya, a cikinta aka haife ni, ban isa in zarge shi ba. Amma tausayinsa nake ji fiye da alfahari da shi.

Akwai ɗaki ɗaya kusa da zauren gidanmu da bai taɓa sauke baƙo a ciki ba, ko da kakar goro, lokacin da fatake ke kwana har a soro. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya kira mahaifina ya ce, "In wani ya zo ya ce shi ɗan Tanimu ne, kada ku nemi wanda zai tsaya masa. Ku buɗe kawai."

Mabuɗin yana hannuna yanzu. Ana share ɗakin duk Juma'a, ba wanda ya zo.