Makon da Malam ya saya a Abuja

Malam, maigidana, bai taɓa sayen abu ya ɓoye mini ba, sai wannan. Ko buhun masara zai sayo a kasuwar Tsafe sai ya ji ta bakina, amma da ya sayi mako guda a Abuja, sai da takardar ta kwana uku a jakarsa ta ofis kafin ya fito da ita. Muna tsakar gida a Damba bayan la'asar, ina tsinkar zogale, ya ajiye ta gefen tabarma kamar ba shi ya kawo ta ba.

Na ce, “Mako kuma? Malam, yaushe aka fara sayar da kwanaki?”

Sai ya shiga bayani. Wani wurin wasan yara ne a bayan garin Abuja, mai lilo iri-iri da jirgin ƙasa na wasa da wurin wanka, an gina gidaje a gefensa. Ba gidan kake saya ba, mako ɗaya kake saya a cikinsa. Duk shekara in makonka ya zagayo, ka kwashi iyalinka ku kwana bakwai, yara su yi wasa har su gaji, ku ba na gaba wuri. Namu makon ya faɗo cikin dogon hutu, tsakiyar damina. Wani abokin aikinsa ne ya kwaɗaita masa, mutumin Filato, mutumin kirki, muna kai musu tuwon Sallah suna kawo mana shinkafar Kirsimeti. Shi kam abin ya yi masa daidai. Shi da matarsa da 'ya'ya uku ne, in sun shiga mota sun ja ƙofa, gida ya tashi ke nan.

Shekara ashirin ina koyarwa a firamare, ba a ba ni takarda in bar ƙasanta ban karanta ba. A can ƙasa kuwa, da ƙaramin rubutu, an ce mutum shida, ba ƙari. Wai a bakin ƙofa ma ƙirga kawuna ake yi, a ɗaura wa kowa zare a hannu.

Na ce, “Malam, ka kuwa ƙirga mutanen gidan ga?”

Ya ce, “Allah na nan.”

Allah na nan kam, amma mu ma muna nan. 'Ya'yanmu shida. Marayun ƙanensa biyu da muka ɗauko daga Furfuri. Ɗiyar ƙanwata da nake riƙo. Ga Inna, mahaifiyarsa. Wannan fa lissafin ranar da babu baƙi ne, kuma duk wanda ya san gidanmu ya san da an rufe makarantu yaran danginmu na Bunguɗu da na Rawayya za su cika mana ɗakuna, har sai an shimfiɗa tabarma a falo.

Na san dalilin sayen, ko da yake bai faɗa ba, ni ma ban ce na sani ba. Babbar ɗiyarmu ce. Shekararta sha ɗaya a lokacin, ta ga hoton wurin a wayar ɗiyar mutumin Filato, wani ƙaton lilo mai kamar tayar keke, mai ɗaga mutane sama har su hango gari. Ba ta roƙa ba, ita ba mai roƙo ba ce. Zana shi kawai take yi a bayan littattafanta, tana ba ƙannenta labarinsa kamar ta taɓa hawa. Malam ya sha tsayawa bakin ƙofa yana saurare, ya wuce kamar bai ji ba.

To ga inda gizo ke saƙa. Ita 'yar fari ce. Ni ban taɓa kiran sunanta ba, Malam ma haka, daga “ke” sai “yarinyar nan”. Haka muka tashi muka ga iyayenmu na yi: ba ka nuna ɗan fari, ba ka zaɓarsa a gaban mutane, in abinci ya gaza shi ake cewa ya haƙura. Yaya uba zai buɗe baki a gidan da ke cike da 'ya'yan 'yan'uwa ya ce da tasa zai fara?

Shekarar farko Inna ta yanke hukunci, ta ce marayu ne gaba. Wa zai ja? Gaskiya ta faɗa. In an cire Malam da mai kula da yara, saura gurbi biyu, aka ba baƙin Bunguɗu, don ba a barin baƙo a gida a tafi da ɗan gida. Ni ina goyo, sai gwaggon yara ta Tsafe ta bi su, tunda a kan hanya take. Yarinyar nan ita ta soya musu cincin, ta ɗora jakunkuna a but ɗin mota, ta tsaya bakin get tana ɗaga hannu.

Shekara ta biyu na ga Malam ya rubuta sunaye da fensir, nata a sama. Raina ya yi fari. Ana saura kwana biyu sai ga yayansa daga Rawayya da yara uku a kan babur, yana dariya, wai sun hana shi barci da zancen Abuja. Da na sake duba takardar, an goge layin sama har ta kusa hujewa. Wallahi na ji haushi. Na yi ta buga tukwane a kicin kamar su suka yi mini laifi. Amma ni ɗin nan, da bakina mai tada unguwa in an taɓa ni, na ce uffan? Ban ce ba. Kunyar da ta kama shi ita ta kama ni.

A ta uku ni na tafi da ƙanana. Wurin yana da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba, ga tsabta, ga wuta ba ta ɗaukewa. Na tsaya ƙarƙashin lilon nan na ɗaga kai har ɗankwalina ya zame. Yara suka yi ta ja na in hau, na ce jiri nake ji. Ba jiri ba ne, ba zan iya hawa abin da ta zana ba ita tana gida tana yi wa Inna wanki. A ta huɗu ba wanda ya je, hanya ba daɗi, makon ya wuce a banza, don ba a ɗaga shi zuwa wani wata.

Matan unguwa kan tambaye ni ko su ma su sa mazansu su saya. Nakan ce, in gidanku na shiga mota ɗaya, bismilla. In kuwa irin namu ne, abin da za ku saya shi ne aikin zaɓen wanda za a bari, kuma duk shekara sai kun sake shi.

A shekara ta biyar gwaggon Tsafe ƙafa ta matsa mata, ni kuma ina jinyar Inna. Ana neman wadda za ta kula da yara, sai Inna ta ce daga kwance, “A tafi da babbar mana, ai ta isa.” Na sunkuyar da kai don kada a ga fuskata. Na kai atamfa wurin tela a ɓoye, na ce wa yarinyar nan gwaggonta ce ta aiko. Shekararta sha shida.

Ranar da suka dawo, na ja autana gefe ina cire masa takalmi, na ce, “Yayarku ta hau babban lilon?”

Ya ce, “A'a. Ita ke riƙe mana jaka da takalma. Ta ce ta girma.”

Na sami Malam a ɗaki yana cire hula. Ban tambaye shi ba, shi ya fara. Ya ce kullum sai ya je ya tsaya bayan yarinyar nan a bakin shingen lilon, yana so ya ce ta ba shi jakar ta je ta hau, don ita ya saya. Kwana bakwai, bakinsa bai buɗu ba. Ban taɓa ganin Malam ya tsufa ba sai ranar.

Na fita na same ta bakin famfo, ta riga ta jiƙa kayan yaran. Na tsuguna na kama mata wankin, abin da ban saba ba. Na ce, “Ke, mi ya hana ki hawa?”

Ta yi murmushi, ba ta ɗago ba. Ta ce, “Ba komai, Mama. Duk yara ne a layin. Ai daga ƙasa ma ana ganinsa sosai.”

Ba fushi a muryarta, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Da ta yi kuka, da na san yadda zan rarrashe ta. Ta matse rigar ƙanenta, ta miƙo mini, na ɗauraye na shanya.